Sifana Mai Lamba Goma Sha Uku

Ranar Laraba Suraka ya kawo mini akwatin aikinsa,
daga Magazin har Aboabo, a ka, ko mota bai hau ba.
Ya ce, "Gariba, riƙe. Na bar maka."
Sifanun da ko maigidansa bai isa ya ara ba,
ya goge su tas, ya jera su babba bin ƙarami.
Na yi dariya. Allah ya yafe mini, dariya na yi.

Sai da na kwanta lissafi ya zo:
ya biya Memuna mai koko bashin wata uku,
ya ba ƙanensa takalmin Juma'a,
ya daina musun ƙwallo a majalisa.
Mutum ba ya share ɗaki haka sai in tashi zai yi.

Na same shi bayan masallaci, kan bencin mai shayi,
kofi ya huce a hannunsa.
Ina tsoron kada tambayata ta zama iri,
in shuka abin da babu.
Ashe abin ya daɗe da yin saiwa.
Na ce, "Suraka, kana tunanin kashe kanka?"
Haka na faɗa, ba kwana, ba karin magana.
Ya daɗe yana kallon kwata.
Ya ce, "Kai kaɗai ne ba ka ce in yi haƙuri ba."

Ban ambata masa wuta ba, ya fi ni sanin ayar.
Ban ce ya dubi wane da ya fi shi wahala ba.
Na kama bakina, na ba shi kunne.
Ya faɗi injin da ya ƙone a hannunsa,
da mai motar da ke sallama da ɗan sanda,
da kuɗin adashin Hajiya da dillalin biza ya haɗiye,
da barcin da ya ƙaurace masa tun azumi.
Aka kira assalatu muna nan.

Gida ya fi wuya.
Hajiya Humu ta dafe ƙirji, ta ce sammu ne.
Kawu Bawa ya ce a rufe zancen,
in Zango ta ji, wa zai ba shi mata?
Na ce, "Kawu, gara Zango ta ji yana jinya
da ta taru a ƙofar nan zaman makoki."
Bai amsa ba. Amma da safe shi ya kira tasi.

Rubutu ya sha, mun kuma bi layi a asibiti,
addu'a ba ta hana ganin likita.
Wata nas, ba ta jin Hausa sosai,
ta ja kujera ta zauna daidai da shi,
ta ce mu ma mu riƙe lambarta, ko tsakar dare.

Mun kwashe duk abin da ke iya cutarwa daga ɗakinsa,
da saninsa, yana zaune yana kallo.
Muka raba darare kamar naman layya:
Litinin da Alhamis nawa,
Fusena ta ɗauki Talata, ita da surutunta,
Hajiya ba ta ɗauki ko ɗaya ba, don ba ta barci dama.
Ta koyi tambayar "yaya zuciyar yau?"
a maimakon "har yanzu?"
Ranar da na gaji, na ce na gaji, wani ya karɓe ni.

Ba zan ce ya warke ba.
Akwai ranar da tuwo ke sanyi a gabansa,
ruwan Kumasi na dukan kwano, shi ko uffan.
Mu zauna. Zaman ma aiki ne.

Akwatin na nan ƙarƙashin gadona.
Jiya ya leƙo, ya ce in ara masa goma sha uku.
Na ce, "Aro kuma? Ai taka ce."
Ya ce, "Aro dai. Gobe zan dawo da ita."

Gobe, ya ce.
Na juya baya, kamar mai neman wani abu a akwatin.